Yadda Ake Sa Ɗan Nijar Ya Yarda Ba Shi Da Wurin Kwana

Kai da kake son hukuma ta buɗe wa ɗalibanmu ɗakunan kwana masu sauƙin haya a ƙasar Faransa, matso kusa. Hanyar nan an gwada ta tsakanin Paris da Lyon, ta yi aiki, ba a rasa rai ba sai dai mutunci kaɗan. In ka bi ta daki-daki, na rantse maka za ka ga gini, ka ga gado, ka ga mabuɗi. Ba a neman digiri. Munzali da ya ƙago ta tun yana kwalej ya yi sallama da lakwal, wato makarantar boko, yanzu abinci yake kai wa mutane a kan keke, daga Porte de la Chapelle zuwa duk inda yunwa ta kira.

Abu biyu kawai za ka riƙe. Hukuma ba ta gini sai ta ga bukata, kuma ba ta gama gini sai wani ya sa hannu a aljihu tare da ita. Duka biyun a wurin mutanenmu za ka nemo su. Allah Ya ba ka haƙuri.

Mataki na 1: Samo ƙanwa

Kada ka shiga wannan aiki don kishin al'umma. Kishin al'umma ba ya wuce tikitin kar guda, babbar motar safa ke nan. Ƙanwa ake nema, mai ƙwaƙwalwa, wadda ake shirin cirewa daga makaranta.

Ta Munzali sunanta Kadidiatou, ana ce mata Kadi. Tana wata makarantar sana'a ta shekara biyu a gefen Lyon, tana koyon gyaran asansar, injin nan mai hawa da mutane bene. A Vaulx-en-Velin take zaune, gidan Gwaggo Halimatou, ƙanwar babansu, kuma a kan kanape, doguwar kujerar falo, take kwana in masu kallon tele sun ga dama sun tashi. To sai ga labari: matar babban ɗan Gwaggo za ta iso daga Maradi da 'yan tagwayenta, kanape ya samu sababbin masu shi. Baba ya bugo waya daga Stains, can gefen Paris, ya yanke hukunci. In lokacin komawa makaranta ya zo Kadi ba ta da wurin kwana na mutunci, ta tattaro ta dawo gida ta zauna masa a kanti.

Munzali ya san wannan hanya, shi ya fara bin ta. Ƙofar lakwal irin ta jirgin metro ce, in ta rufe da kai a waje ba ta jin magiya.

Ana cikin haka ya ji cewa ma'aikatar magajin garin can tana da wani tsohon gini da ba kowa a ciki, tana tunanin mayar da shi gidan ɗalibai in bincike ya nuna ana bukata. Binciken nan anket suke ce masa. Munzali ya yi tsalle har ya kifar da shinkafar wani bawan Allah. A ransa, an gama. Wa ya kai 'yan Nijar bukata?

Mataki na 2: Bari a yi anket na farko, ka sha kunya

Wannan mataki ba ya tsallakuwa. Dole ka gani da idonka.

Hukuma ta turo wata mata, Madame Najla, da tablet a hannu. Ta tsaya a ƙofar makarantar tana tare ɗalibai. Ta tare wani yaronmu mai kwana a ƙasan teburin guga a gidan kawunsa.

"Ina kake kwana?"

"Gida, Madame."

"Akwai matsala?"

"Ça va, ça va. Alhamdulillahi."

Ta tare Kadi. "Kina da ɗakin kanki?"

Kadi ta tuno tuwon Gwaggo, ta tuno bargon da Gwaggo ta cire daga gadonta ta ba ta lokacin sanyi. In ta ce a'a, ai daidai yake da ta tofa yawu a wannan tuwon. Ta gyara ɗankwali ta ce, "Gwaggona ba ta rage ni da komai ba."

Madame ta danna abin da ta ji.

Haka aka bi su kaf. Mai kwana a baranda ya ce lahiya lau. Mai jiran ɗan'uwansa ya tafi aikin dare kafin ya gaji katifa ya ce sai godiya. Da sakamako ya fito, ɗaliban Nijar ne suka fi kowa jin daɗi a yankin, har wani a majalisar gari ya ba da shawarar a mayar da ginin wurin ajiye kekuna.

Ka koyi darasi. Baƙo ba ya kukan mai masauki, mai masauki ba ya kukan baƙo. Ɗan Nijar ko a cikin rijiya ka leƙa ka gaishe shi, zai ce maka sanyi ya yi daɗi.

Mataki na 3: Gwada koya musu kuka

Ba zai yi aiki ba, amma gwada, don ka daina tunaninsa.

Munzali ya ajiye keke ya hau kar mai arha zuwa Lyon. Ya fara da ofishin Madame Najla, ya yi ta zuba da hannu da ƙafa har ta ɗaga masa hannu. Ita ma dama abin ya tsaya mata a rai, don ta ga idanun yaran, ba idanun masu barci ba ne. Ta yarda ta kira taro guda a zauren unguwa, kowa ya zo ya faɗa da bakinsa. In aka sake jin alhamdulillahi, kekuna sun ci gini.

Sai ya tara ɗaliban a bayan wani shagon kebab, ya hau kan kwandon lemo.

"Ku maimaita bayana. Ina shan wahala!"

"Ina shan wahala," suka ce ƙasa-ƙasa, kamar masu karɓar gaisuwar mutuwa.

"Da ƙarfi!"

"Ina shan wahala... amma dai mun gode Allah."

"Wa ya ce ku ƙara amma? Ku cire amma!"

Wani dogo daga baya ya ɗaga hannu. "Grand, yayanmu, gaskiya wasu ma ba su samu kamar namu ba."

"Kai ina kake kwana?"

"A motar kawuna. Amma babba ce."

Munzali ya sauko daga kwandon kafin ya faɗo.

Kuma ka sani, labari zai riga ka isa gida. Da ya shiga wurin Gwaggo, ba ta ɗaga murya ba. Ta amsa gaisuwarsa tsaf, ta tambayi Baba, ta tambayi sanyin Paris, sannan ta dire masa tire na shinkafa da zai ishi masu ɗaukar gawa.

"Ci," in ji ta. "An ce kana koya ma yara su ce na wulaƙanta su. Ci, ka samu ƙarfin koyarwa."

Mataki na 4: Ci abincin, amma buɗe kunne

Munzali na tura shinkafa kamar mai cin yashi, sai ga Rachidou, autan Gwaggo, ya shigo yana fito. Makarantarsu ɗaya da Kadi, kuma taubashinta ne, ɗan mace da 'yar namiji. Ya dube ta a kan kanape ta rungume littafi, tele na ihu a kanta.

"A'a, baiwata, har yanzu ba a kore ki ba? Inna, ki duba mini ita. Barci take da ido ɗaya kamar zomo, wuyanta ya karkace ya ɗauki siffar hannun kanape. In ta mutu sai an yi mata kabari mai kwana."

Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya har da tafi.

Cokali ya tsaya wa Munzali a iska. Maganar da ya yini yana roƙo a bayan shagon kebab, ga ta an faɗe ta a gaban mai gida, da ƙari, kuma mai gida na dariya. Kadi ba ta ci amanar tuwo ba, Gwaggo ba ta ji kunya ba, don taubashi ne ya faɗa, shi kuwa taubashi ba a riƙe shi. Abin da bakinka ba ya iya furtawa, abokin wasanka zai yi shelarsa a kasuwa kyauta, ya gode maka da ka ba shi dama.

Magabata sun ce ciwon da ka ɓoye wa likita taubashinka ya san sunansa. In ma ba su ce ba, sakaci suka yi.

Munzali ya cinye tiren tas, ya nemi ƙari.

Mataki na 5: Shirya kujeru, ka canza tambaya

Ranar taro, kada ka bar kowa ya zauna inda yake so. Kowane ɗalibi ka dasa masa abokin wasansa a gefe. Mai taubashi, taubashi. Wanda ba shi da shi, nemo masa ta wajen ƙabila, Babarbare kusa da Bafillatani. In ka ga biyu sun fara harara suna murmushi, ka dace.

Sannan ka je wurin mai tablet. Munzali ya ce mata, "Madame, don Allah kada ki tambayi kowa inda yake kwana. Ki nuna na kusa da shi, ki ce, wannan fa?"

Ta dube shi kamar mai shirin kiran likita, amma ta yarda.

Sai ga abin da bai shirya masa ba. Masu masauki sun zo. Kawunnai da manyan riguna, gwaggwanni da leshi, sun cika layin gaba, Gwaggo Halimatou a tsakiya ta harɗe hannu. Ɗalibai kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa.

Madame Najla ta nuna Kadi, ta dubi Rachidou. "Wannan fa, ina take karatu?"

Rachidou ya miƙe a hankali, ya gyara wuyan riga. An ba kura ajiyar nama.

"Madame, wannan ai babbar ma'aikaciya ce, ofis gare ta. Kin san asansar ɗin gininmu da ya mutu tun bara, yana tsaye a ƙasa? Can ne ofishinta. Ta shiga da kujerar roba, ta ja ƙofa. Ita ta gyara fitilar ciki. Injin kuwa ta ƙi taɓa shi, don kada ya tashi sama da ita tana tsakiyar lissafi. Lokacin sanyi da safar hannu take rubutu. In kina son ganinta sai kin ƙwanƙwasa, ta ce miki wane hawa za ki."

Zaure ya fashe. Kawunnai na dukan cinya. Munzali ma ya buɗe baki zai yi dariya, sai ta maƙale masa. Bai sani ba. Kullum in ya kira ta ya ji shiru a bayanta, cewa take tana laburare, shi kuma ya ce madalla.

Ya dubi Gwaggo. Ita ma ba ta dariya. Ta juyo da dukan jikinta ta kafe Kadi da ido, dariyar mutane ta fara mutuwa layi-layi. Munzali ya ga gini na tafiya, ya ga kekuna na shiga.

"'Yar nema," in ji Gwaggo. "Ashe kin san kan injin nan, kika bar ni ina hawa har ƙololuwa da wannan gwiwa?"

"Gwaggo, ba a ba ni izini ba. Sai na samu diplom."

"To Madame, kin ji." Gwaggo ta goge ido da bakin mayafi, da sauri, kamar ƙura ce ta shiga. "Ku ba ta ɗaki da tebur ta samu diplom ɗin, gwiwata ta huta. Rubuta. Ba don ita ba, don gwiwata."

Kadi ta miƙe, idonta na kan Rachidou. "Madame, tunda an fara. Shi wannan mai bakin, ƙarƙashin teburin cin abinci yake kwana, ƙafafunsa a kicin. Da asuba in Gwaggo za ta dafa shayi sai ta ce masa gafara."

Shi ke nan, dam ya ɓalle. Wannan a baho yake kwana, in wani zai yi wanka sai ya tashi ya riƙe masa tawul. Wancan mai motar kawu, ran da kawun ya yi sammakon tafiya Marseille sai a hanya ya farka. Kawunnai da kansu suka shiga, kowa na tona asirin gidan abokin wasansa. Madame Najla ta yi ta dannawa har tablet ya mutu, ta ari biro ta ci gaba a bayan takardar kebab.

Bukata ta tabbata, har ta yi yawa.

Mataki na 6: Kuɗi. Kada ka roƙa

Hukuma za ta ce ta ɗauki gyaran gini, amma gadaje da tebura da injin ɗumama ɗaki sai wata ƙungiya ta sa hannu. Ƙungiya mai aljihu kuwa tana Paris, ta 'yan kasuwarmu, shugabanta Alhaji Mai Moussa, Babarbaren Zinder mai tura kwantena.

Munzali ya fara da kuskure, ya tafi shi kaɗai. Ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya zayyana komai.

"Yaro," in ji Alhaji, "masallaci ka zo nema, in ba ka. Gawa za a kai gida, in ba ka. Amma ɗan Musulmi da danginsa a gari ya kwana a fwaye, gidan ɗalibai, kamar maraya, kuma da kuɗina? Mu mun mutu ne?"

Kada ka yi gardama. Ka ce Allah Ya ƙara girma, ka fita, ka nemo Bafillatani.

Na Munzali shi ne Alhaji Idrissa, mai shagon atamfa, wanda suka shekara da shekaru suna cin abinci kwano ɗaya da Mai Moussa ba tare da ɗaya ya taɓa faɗin alherin ɗaya ba. Munzali bai gaya masa dabara ba. Ya dai ba shi labari, ya ƙara da cewa Alhaji Mai Moussa ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Wannan ba ƙarya ba ce sosai. Sunanta gyaran zance.

Ranar Juma'a bayan salla, 'yan ƙungiya na zaune ana shan shayi, Alhaji Idrissa ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku daina takura wa bawana. Na ji an kai masa maganar ɗakin ɗalibai ya kama zufa. Ku ƙyale shi, kasuwa ta yi masa nauyi. Ni zan sa labule a kowace taga. Shi ku ba shi tsintsiya ya riƙe, ita ma taimako ce."

Mai Moussa ya ajiye kofi. "Labule? Wanda ya tashi a bukka ya san taga? Ni zan sa gadaje."

"Gado ba katifa, irin na gidanku?"

"Da katifa! Bafillatanin da ya saba jingina da saniya zai koya mini katifa?"

"To ni tebura da kujeru, tunda bawana bai san ana karatu a zaune ba."

"Injin ɗumama ɗaki nawa ne! Kai ka kawo musu nono su sha!"

Munzali na gefe yana zuba shayi. Wannan shi ne aikinka a nan: zuba shayi. In wuta ta fara lafawa, ka ce a hankali, "Firij fa?" ka koma gefe.

Kafin la'asar gidan ɗalibai ya samu kayan da ko otel sai haka, har da agogon bango da ba wanda ya nema. Alhazan biyu suka fita tare a mota ɗaya, suna ci gaba da zagin juna.

Mataki na 7: Kada ka je da jaka

Aka buɗe gidan ana saura kaɗan a koma makaranta. Kadi ta samu ɗaki, ɗan ƙarami, gado da tebur da taga mai labulen atamfa mai ɗaukar ido. Baba ya ce to, ta zauna ta gama. Ya ɗauki wani yaron kanti.

Munzali ya hau kar da jakarsa a kafaɗa, ya yi niyyar kwana biyu ya huta, ai gumin wa? Ya iso da rana tsaka ya ƙwanƙwasa. Kadi ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya su Baba? Ya aiki? Ya gajiya?"

Ta gaishe shi gaisuwar manya, ba ta rage ko ɗaya ba. Ta kawo masa shayi da biskit a tire, nan a tsaye. Ya leƙa ta saman kanta, ya ga littattafai a shimfiɗe a kan tebur, fitila a kunne, ba tele, ba kowa.

"To matsa in shigo in ajiye jaka."

"Yaya, dokar gidan ce, baƙo ba ya kwana. Gardi na ƙasa." Ta waiwaya ta dubi tebur. "Kuma ina da jarrabawa."

"Ni ne baƙo? Ni da na..."

"Gwaggo ta ce ka zo, ta dafa shinkafa. Rachidou zai matsa maka a ƙarƙashin tebur."

Ta karɓi kofinta, ta yi masa murmushi har kunne, ta tura ƙofa. Ya ji mabuɗi ya juya.

Ya tsaya a barandar da jaka a kafaɗa, ya kasa kunne. Ba ya jin komai sai ƙarar kujera da aka ja zuwa tebur, sannan takarda da aka buɗe. Ya daɗe a nan. Daga baya ya sauka, ya wuce gardi yana dariya shi kaɗai, har mutumin ya biyo shi da ido zuwa bakin titi.

A kula

Mai wannan bayani ya wanke hannunsa da sabulu daga duk abin da zai biyo baya. In taubashinka ya zarce ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba, tsakaninku ne. In alhazanka suka yi zuciya suka sayi ginin gaba ɗaya, ko gwaggonka ta hukunta ka da shinkafa har ka kasa hawa keke, ba a karɓar ƙara a nan. In kuma ƙanwarka ta samu mabuɗi ta fara gwada shi a kanka, kada ka neme ni. Ka ɗauki jakarka ka sauka a hankali, ana karatu.